Kuɗin goron da dokar haƙƙin mallaka ke yi wa masu buɗe wa kurame-makafi wasannin kwamfuta

Ranar 28 ga Oktoba 2024 sabon jerin sassaucin da Amurka ke yi wa sashe na 1201 na dokar haƙƙin mallaka ta DMCA, wanda ya haramta tsallake makullin da kamfani ya sa wa manhaja, ya fara aiki. Kafofin labarai sun fi mayar da hankali kan izinin gyara injinan ais-kirim na gidajen abinci, da kuma yadda aka hana ɗakunan karatu ba masu bincike damar buga tsofaffin wasanni daga nesa. Abin da ya fice daga jerin kuwa, da ƙyar aka ambace shi. Sassauci guda ɗaya tak da ya shafi nakasassu da wasannin kwamfuta, wanda aka bayar a 2021, ya faɗi, kuma dalilin da Ofishin Haƙƙin Mallaka ya bayar shi ne babu wanda ya shigar da takardar neman a sabunta shi. Abin da mutum zai rasa don kawai ba a cike takarda ba, tun farko ba a ɗauke shi haƙƙi ba, alfarma ce da ake ba da aronta na shekara 3.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, ko da sassaucin bai faɗi ba, babu abin da zai tsinana wa mutumin da ba ya gani kuma ba ya ji. An rubuta shi ne don mai nakasar gaɓoɓi ya samu ya tsallake makullin wasan da ya saya, a kan kwamfuta kawai, domin ya sarrafa wasan da wani abu maimakon kibod da linzamin kwamfuta. Wato hanyar da umarnin ɗan wasa ke bi ya shiga cikin wasa aka duba. Kurma-makaho kuwa yawanci hannuwansa lafiya lau suke. Damuwarsa abin da ke fitowa daga wasan ne: ina yake tsaye, me ke gabansa, kati nawa ne a hannunsa, wa ya yi magana, me ya ce. A zagayen 2021 ɗin ƙungiyoyin nakasassu sun nemi faffaɗan sassauci da zai shafi kowane irin aiki da kowace irin nakasa, aka ƙi, aka ba su wannan ɗan guntun. Yanzu guntun ma babu.

Rahoton da Tarayyar Kurame-Makafi ta Duniya ta fitar a 2018 ya ƙiyasta cewa kashi 0.2 cikin 100 na mutanen duniya na fama da larurar mai tsanani, idan kuma aka haɗa da masu sauƙi-sauƙi adadin ya kai kashi 2. Ba dukansu ne ji da gani suka ɗauke musu ɗungurungum ba. Masu ciwon Usher, wanda shi ne kan gaba cikin cututtukan gado da ke haɗa larurar biyu, da yawa an haife su da raunin ji ko kurumta, daga baya ganinsu ya riƙa tsukewa daga gefe har ya zama sai abin da ke tsakiyar ido suke gani. Irin wannan ɗan wasa yana iya ganin jaruminsa a tsakiyar allo, amma rubutun magana da ke ƙasa da ma'aunin lafiya da ke kusurwa sun fita daga ganinsa.

Masu cewa a bar wa kamfanoni lamarin sukan kawo misalan da kowa ya sani. The Last of Us Part II ya fito a 2020 da zaɓin sauƙaƙawa sama da 60, Forza Motorsport na 2023 ya zo da sautukan da ke nuna wa makaho kwana da lokacin taka birki, Microsoft ya fitar da hannun wasa na nakasassu mai suna Xbox Adaptive Controller a 2018, Sony ya biyo da nasa a 2023. Aiki ne mai kyau, ban raina shi ba. Amma tunanin da ke ƙarƙashinsa ɗaya ne: abin da ido ya rasa a mayar wa kunne, abin da kunne ya rasa a mayar wa ido. In ban da 'yar girgiza nan da can a hannun wasa, wanda ya rasa biyun ba ya cikin lissafi.

Hanyar da ta rage masa ita ce taɓawa, kuma babbar ƙofarta allon rubutun makafi ne. Na'ura ce da yawanci ke da layi ɗaya, gurbi 14 ko 20 ko 40 ko 80, kowane gurbi da ɗigo 8 masu tasowa da komawa. Manhajar karanta allo irin su NVDA da JAWS ce ke tura mata rubutu. A manhajojin ofis abin yana tafiya ne saboda Windows na da hanyar da kowane maɓalli da kowane akwatin rubutu ke sanar da sunansa da halin da yake ciki. Wasa ba ya bin wannan hanya. Yana zana komai ne kai tsaye ta manhajojin zanen hoto irin su DirectX ko Vulkan, harafi da bishiya duk ɗigon launi ne, don haka manhajar karanta allo fankon taga take tararwa. Ana iya sa NVDA ta ɗauki hoton allon ta gano haruffan ciki, amma hoton lokaci guda ne, yana tuntuɓe a kan rubutu mai ado, ba ya sanin ma'anar alamomi, kuma ba zai gaya maka cewa akwai rami taku 3 a gabanka ba.

Bayanin da ake buƙata yana cikin manhajar wasan, kuma dole sai an shiga an ɗebo shi. Wannan ne aikin masu rubuta ɗori, abin da 'yan wasa ke kira mod. Ɗauki wasan da aka gina da injin Unity, wata manhajar ƙera wasanni. Mai ɗori zai fara da fayil ɗin Assembly-CSharp.dll, ya warware shi da ILSpy ko dnSpy don ya karanta yadda aka tsara wasan, ya gano sashen da ke sauya abin da aka zaɓa a jerin zaɓi da sashen da ke rage lafiyar jarumi. Sai ya ajiye manhajar lodi irin su BepInEx a cikin jakar wasan, ta yadda za ta tashi tare da shi. Da manhajar Harmony zai maƙala nasa umarnin a bayan waɗancan sassa, duk lokacin da suka yi aiki nasa ma ya yi, ya haɗa jimla, ya miƙa wa Tolk, manhajar da ke kai rubutu ga manhajojin karanta allo, Tolk ta miƙa wa NVDA, NVDA ta ɗaga ɗigo a ƙarƙashin yatsun ɗan wasa. Da irin wannan aiki aka samu ɗori irin su Stardew Access da Say the Spire da Hearthstone Access, dukansu na masu sa kai ne.

Ko waɗannan ma yawanci makaho mai ji aka yi wa, kuma a nan ne ake ganin dalilin da ya sa aikin ba ya ƙarewa da mutum ɗaya. A Tolk akwai Tolk_Speak, wanda murya kawai yake fitarwa, akwai Tolk_Output, wanda ke aika murya da rubutun makafi tare. Mai ɗorin da ya kira na farko ya rufe wa kurma-makaho ƙofa ba tare da ya sani ba. In ma ya kira na biyun, saƙon da ya hau allon rubutun makafi a NVDA daƙiƙa 4 yake yi ya ɓace idan ba a sauya saitin ba, kuma sabon saƙo na ture tsoho nan take. Saƙonni 3 da suka zo a jere lokacin faɗa, kunne zai ji su ɗaya bayan ɗaya, yatsa kuwa na ƙarshe kaɗai zai tarar. Sai an gina wa ɗorin ma'ajin saƙonnin baya da ɗan wasa zai riƙa komawa, an taƙaita jimloli su shiga gurbi 40, an sa lamba mafi muhimmanci a farkon layi. Duk inda ɗorin ya yi amfani da sautin da ke karkata hagu ko dama don nuna inda ƙofa take, sai an mayar da shi rubutu ko girgiza.

Akwai kuma abin da mai gani ba ya kawowa a ransa: hannun da ke karatu shi ne hannun da ke wasa. Ba zai yiwu yatsu su kasance a kan allon rubutu da kan maɓallan sarrafawa a lokaci guda ba. Shi ya sa wasannin kati da na bi-da-bi suka fi sauƙin buɗewa, masu gudu kuwa sai ɗorin ya iya tsayar da wasan ko ya rage masa sauri duk sa'ad da saƙo ya shigo. Girgizar hannun wasa na taimakawa, amma ƙamus ɗinta ƙarami ne. A XInput, hanyar da Windows ke sarrafa hannun wasa da ita, moto 2 ne kawai, na hagu mai nauyi da na dama mai kaifi, kowanne ana ba shi ƙarfi daga 0 zuwa 65,535. Moton nauyi ne yake juyawa, yana ɗaukar ɗan lokaci kafin ya tashi da kafin ya tsaya, don haka gajerun bugu da aka jera kusa da kusa sai su narke su zama ɗaya. Za a iya cewa hagu, dama, haɗari, an buge ka. Ba za a iya faɗin sunan makamin da ka tsinta ba.

To, a sake bin waɗannan matakai da idon lauya. Warware fayil kwafi ne. Tsayar da wasa, matso da ma'aunin lafiya tsakiyar allo, ƙara girman haruffa, duk sauya aikin wani ne, kuma mai haƙƙi na iya kiransa sabon aiki da aka tsamo daga nasa. Yarjejeniyar lasisin da kowa ke danna wa amincewa kusan kullum tana haramta warwarewa da sauyawa. Idan kamfanin ya gina wasan da tsarin IL2CPP na Unity ya kuma rufe fayil ɗin global-metadata.dat da sirri, ko ya sa makullin hana kwafi na Denuvo, mai ɗori ba zai kai ga abin da yake nema ba sai ya tsallake makulli, nan kuma sashe na 1201 ya shigo. Diyyar da dokar ta yanka a ƙarar farar hula dala 200 ce zuwa 2,500 a kan kowane tsallakewa. A shari'ar kamfanin MDY da kamfanin wasanni Blizzard ta 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa tsallake manhajar tsaro ta Warden ya saɓa wa sashen ko da ba a keta haƙƙin mallaka ba. Manhajar da aka yi shari'a a kanta ta maguɗi ce, amma ƙa'idar da ta fito daga hukuncin ba ta tambayar niyya. Ɓarawon manhaja, ɗan maguɗi, da mai tura rubutu zuwa yatsun kurma-makaho, kuɗin goro aka yi musu.

Babban rashin adalcin ma yana wani wuri. Sassaucin da ake bayarwa duk shekara 3 aikin tsallakewa kaɗai yake halattawa. Sashe na 1201(a)(2) da 1201(b), waɗanda suka hana ƙera kayan tsallakewa da rarraba su, shugaban Ɗakin Karatu na Majalisar Dokoki ba shi da ikon taɓa su. An ce maka kana iya buɗe ɗakinka, amma an hana maƙeri ƙera maka mabuɗi. Kurma-makaho nawa ne za su zauna su warware manhajar da ba sa iya ganin allonta, su rubuta wa kansu ɗori? Wanda zai yi aikin wani ne daban, kuma amfanin aikin yana cikin rarraba shi. Daidai wannan ɓangaren doka ta bari a rufe.

Za a ce ai kamfanoni da yawa suna kawar da kai, wasu ma suna maraba da masu ɗori. Haka ne, kuma inda aka buɗe ƙofa, kamar wasan Stardew Valley da manhajar lodinsa SMAPI, nan ne aikin ya fi inganci. Sai dai kawar da kai ba izini ba ne, ana iya janye shi da wasiƙa guda. Ba sai an je kotu ba. A Oktoba 2020 takardar ƙorafi ɗaya da ta dogara da sashe na 1201 ta sa dandalin ajiye manhajoji na GitHub ya cire youtube-dl, manhajar sauko da bidiyo, sai a Nuwamba aka dawo da shi bayan lauyoyin EFF, ƙungiyar kare haƙƙin masu amfani da intanet, sun sa baki. Mai ɗorin da ke aiki da dare kyauta don 'yan wasa ƙalilan ba shi da wannan gatan. Ga kuma wahalar yau da kullum: duk lokacin da kamfani ya sabunta wasa, sunayen sassan da ɗorin ya maƙale musu na iya sauyawa, ɗorin ya daina aiki, ɗan wasan da ya biya kuɗinsa ya zauna jira. Masu Hearthstone Access na bin kowane sabuntawar Blizzard da sabon faci. Wace ƙungiyar nakasassu ce za ta ɗauki ma'aikaci ta biya shi albashi a kan aikin da lauyanta ba zai iya ce mata halal ne ba? Rashin tabbas ɗin ne ke hana aikin fita daga hannun masu sa kai.

Hujjar satar fasaha ba ta cancanci dogon amsa ba: ɗorin ba ya aiki sai da wasan da aka saya, kuma mai saye yake ƙara wa kamfani. Ta maguɗi ta fi ta nauyi, domin manhajojin hana maguɗi irin su Easy Anti-Cheat da BattlEye ba sa iya bambance ɗorin da ke karanta abin da ke kan allo da wanda ke leƙen abokin gaba ta bayan bango, duka biyun baƙon abu ne da ya shiga cikin wasa. Amma wannan matsalar fasaha ce mai magani. Kamfani na iya duba ɗorin ya sa masa hannu ya shigar da shi jerin amintattu, kuma dubban wasanni na mutum ɗaya ne, babu wanda za a cuta a cikinsu. Masu cewa wasa ba abin buƙata ba ne kuwa, su karanta sashe na 30 na Yarjejeniyar Haƙƙin Nakasassu ta 2006, wanda ya ambaci nishaɗi da wasa, ya kuma wajabta wa ƙasashe su tabbatar dokokin mallakar fasaha ba su zama shingen wariya tsakanin nakasassu da kayan al'adu ba. Amurka ba ta tabbatar da wannan yarjejeniya ba, alhali dokarta ce ke iko da yawancin dandalin da ake ajiye ɗori da sayar da wasa.

Wasu kan ɗauka Yarjejeniyar Marrakesh ta warware wannan. An amince da ita a 2013, ta fara aiki a 2016, kuma ta yi wa makafi babban aiki a kan littattafai. Amma rubutu da alamomi da zanen da ke tare da su ta shafa, ba ta kai ga manhaja mai motsi ba. Dokar sauƙaƙa sadarwa ta Amurka, CVAA ta 2010, ta fara hawa kan wasanni daga Janairu 2019, amma sashen hira tsakanin 'yan wasa kawai ta tilasta a sauƙaƙa, ba wasan kansa ba. Dokar sauƙaƙawa ta Tarayyar Turai da ta fara aiki ranar 28 ga Yuni 2025 ta lissafo littattafan lantarki da banki da cinikin intanet, ba ta lissafo wasanni ba. Ba a tilasta wa kamfani ya yi ba, ba a kuma ba wani tabbacin ya yi a madadinsa ba. Wannan gibin ba haɗari ne ya kawo shi ba, haka aka rubuta dokokin.

A Turai an ɗan samu iska. Umarnin Tarayyar Turai na 2009/24 kan kare manhaja ya ba mai halattaccen kwafi damar warware manhaja don ta yi aiki tare da wata, ya kuma soke duk sharaɗin lasisi da ya saɓa wa haka. Ɗorin da ke haɗa wasa da manhajar karanta allo, a ganina, wannan ne ainihin ma'anar aiki tare. Ranar 17 ga Oktoba 2024 Kotun Tarayyar Turai, a shari'ar Sony da Datel, ta ce ƙimomin da wasa ke ajiyewa a ma'ajiyar wucin gadi ta RAM yayin da yake gudana ba sa cikin abin da umarnin ya kare, muddin ba za a iya sake samar da manhajar daga gare su ba. Lafiyar jarumi da matsayinsa a taswira irin waɗannan ƙimomi ne. Sai dai kotun dai ta riga ta ce a shari'ar Nintendo da PC Box ta 2014 wasa ya wuce manhaja, akwai hoto da sauti a cikinsa, don haka makullansa na da kariyar wata doka daban. Kuma Datel kamfani ne, ya yi sama da shekara 10 yana shari'a kafin ya samu wannan amsa. Abin kunya ne a ce mafi ƙarfin kariyar da mai taimakon kurma-makaho ke da ita ta fito ne daga ƙarar kamfanin sayar da kayan maguɗi, domin a can babu majalisar da ta ga ya cancanci a rubuta masa nasa sashe.

Ba wai ba a san yadda ake rubutawa ba. Sashe na 41.16 na dokar Kanada ya halatta tsallake makulli don mai larurar gani ko ji ya iya fahimtar aiki, ya kuma halatta ƙera kayan da samar da su don wannan manufa. Ostareliya ta shigar da sassauci don nakasassu a 2017 wanda bai taƙaita ga littafi ba. Ofishin Haƙƙin Mallaka na Amurka kansa ya ba majalisa shawara a 2017 ta mayar da sassaucin littattafan makafi na dindindin, bayan tun 2003 suna dawowa roƙo duk zagaye, majalisar ba ta motsa ba. Abin da ake buƙata sassauci ne da ba ya ƙarewa, wanda ya shafi abin da ke fitowa daga wasa kamar yadda ya shafi abin da ke shiga, ya kare mai rubuta ɗori da mai rarraba shi, ya kuma fi ƙarfin yarjejeniyar lasisi. Masu injinan wasa su ma su buɗe hanyar rubutu da manhajar karanta allo za ta sha daga gare ta. Unity ya fara haka a wayoyi a 2023, kuma duk wasan da ya bi wannan hanya ya rage wa mai ɗori dalilin taɓa makulli.

Duk wannan maganar ta kwamfuta ce. A PlayStation da Xbox da Switch, a yawancin wasanni, mai ɗori ba shi da wurin ajiye fayil ko ɗaya sai ya fasa makullin na'urar kanta, kuma an ƙi ba da sassaucin haka a 2012, aka sake ƙi a 2015. A 2021 an yarda a tsallake shi don gyaran na'urar karanta faifai kawai. Kamfanin da ya kulle na'urarsa har babu wanda zai iya ƙara mata komai ya ɗauki nauyin duk wanda ya bari a waje, kuma doka ba ta da hujjar ci gaba da kare makullin matuƙar ba ta tilasta masa ya kai rubutun wasanninsa ga allon rubutun makafi ba.